ZABUWA DA TSAMIN JIKI: MU FAƊA MA JUNA GASKIYA

Ina gajiya?

Kowa ya san amsar da muke bayarwa: "Babu gajiya." Amma jiki magayi. Ruwa ya sauka, an yi shibka, ga noman fari ya kama. Wanda ya wuni bisa hauya ya san yadda yake tashi da safe. Ƙugu ya riƙe, kafaɗu sun yi nauyi, cinyoyi sun yi tsami. Macen da ta yi noman gamanarta, ta dawo ta kama daka da jan ruwa, ita ma ta sani. Samari ƴan kokowa da ƴan ƙwallo su ma sun sani.

A kan wannan tsamin jiki nake son mu yi magana yau, da kuma wani ganye da ake ta yi mamu tallanshi a kasuwa da cikin salula. Masu talla suna ce mashi alobera. Suna cewa in ka shafa shi, tsoka za ta warke cikin dare ɗaya. Ga ra'ayina tun da fari, don kada in ɓata maku lokaci. Ganyen yana da amfani, ku dasa shi. Amma amfaninshi ga fata yake. Ba ya kai ga tsoka. Kada kowa ya saida hatsinshi don ya sayi kwalbarshi.

ABIN DA NA GANI RANAR KASUWA

Bara, tsakiyar damana, na je wata kasuwar ƙauye cikin yankin da nake aiki. Na iske wani mutum da jaka cike da kwalabe, mutane sun kewaye shi. Akwai hoton ganye bisa kowace kwalba. Bakinshi da zaƙi. Ciwon baya, ciwon gwiwa, gajiyar noma, duk ya ce kwalba guda ta ishe su.

Wani saurayi da na sani, mai zuwa barema, ya saya. Kuɗɗin noman kwana biyu ya bayar. Bayan mako guda muka gamu a gona, ya ce mani: "Malam, maganin nan gaskiya ne. Na shafa kwana uku, ran na huɗu na tashi garau."

Na tambaye shi: "Shekarun baya da ba ka da kwalba, kwana nawa tsamin noman fari yake yi maka?"

Ya yi shiru yana lissafi. Can ya ce: "Uku ko huɗu." Sai ya kama dariya, ni ma na taya shi. Amma dariya ba ta maido mashi da kuɗɗinshi ba.

MINE NE ALOBERA?

Ba baƙo ba ne ƙwarai a wurinmu. Tsofaffinmu sun san ƴar uwarshi ta daji, wadda suke kira zabuwa, don ganyenta yana da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Wasu suna ce mata kabar giwa. Dangin wannan tsiro sun fi iri 500 a duniya. Wanda ake kira alobera ɗaya ne daga cikinsu, asalinshi daga ƙasar Larabawa. Mutanen Masar sun rubuta shi cikin takardunsu na magani fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Yau ana ganinshi cikin garake da tukwanen gidaje a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Nan gaba zan riƙa ce masu zabuwa duka, amma ku sani yawancin binciken likitoci a kan alobera aka yi shi.

In ka yanka ganyen, abu biyu za ka gani, kuma wajibi ne ka bambanta su.

Na ɗaya, wani ruwa rawaya mai ɗaci da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ɓawo.

Na biyu, farar tsoka mai yauƙi kamar kuɓewa, a tsakiyar ganyen. Ita ce ake shafawa. In aka raba ta kashi 100, wajen kashi 99 ruwa ne zalla. Shi ya sa take sanyaya fata: ruwan yana bushewa, yana tafiya da zafi, kamar yadda tulu yake sanyaya ruwa.

DAGA INA TSAMIN JIKI YAKE FITOWA?

Ka dubi naman da aka dafa ya nuna. Za ka ga zare-zare ne a jere. Haka tsokar mutum take. In ka sa ta aikin da ta jima ba ta yi ba, wasu daga cikin zaren nan sukan ɗan tsage, tsagewar da ido ba ya gani. Sai wurin ya ɗan kumbura, jiki ya aiko da jini don gyara. Wannan gyaran shi ne tsamin da kake ji.

Yana da lokacinshi, kamar yadda hatsi yake da nashi. Ba ya zuwa nan take. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24. Ya fi tsanani rana ta biyu da ta uku. Daga nan sai ya riƙa sauka, kafin kwana 5 zuwa 7 ya tafi da kanshi, ko ka shafa wani abu ko ba ka shafa ba.

Kuma in gyaran ya ƙare, tsokar takan fi da ƙarfi. Kun lura tsamin maimai bai kai na noman fari ba? Hauyar ita ce, gonar ita ce. Jikin ne ya saba.

To, ku duba inda mai kwalba yake cin kasuwarshi. Ba wanda ke sayen magani ranar da yake lafiya. Sai rana ta biyu ko ta uku, da ciwo ya kai ƙarshenshi, sannan mutum yake sa hannu aljihu. Washegari ciwon ya fara sauka, don dama lokacin saukarshi ya yi. Jiki ya yi aiki, kwalba ta karɓi godiya.

Sauran magana guda. Fata ba rariya ba ce. An yi ta don ta tare abin waje kada ya shiga. Da komi yana ratsa ta, da wanka ya ishe mu shan ruwa. Tsokar cinya tana can ƙarƙashin fata da kitse. Yauƙin da ka shafa yana bushewa a sama, kamar yayyafin da ya jiƙa bisan ƙasa bai kai ga saiwa ba.

"AMMA NI NA SHAFA, KUMA NA JI DAƊI"

Wani zai ce mani haka, kuma ban ƙaryata shi ba. Ya ji daɗi. Sai dai mu tambaya: mi ya kawo daɗin?

Sanyin yauƙin bisa fatar da ta sha rana, ɗaya ke nan. Na biyu, hannun da ya shafa. Tausa tana rage tsamin jiki, wannan likitoci sun gwada sun gani. Iyayenmu sun riga su sani: tausa da man kaɗe, da gashi da ruwan ɗumi, ba yau aka fara ba. Na uku, mutumin da ake ma tausa ya kwanta ya huta, abin da bai yi ba tun asuba.

Duk waɗannan alheri ne, kuma duk kyauta ne. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki ladan tausa da hutu a ba kwalba, sannan a karɓi kuɗɗin talaka.

Wani kuma zai ce: "Malamin gona, kai ɗan lakkol ne, kun saba raina maganin gargajiya." A'a. Ni ne nake ce maku ku dasa zabuwa bakin randa. Wanda ya raina na gida shi ne mai ce maku na cikin kwalba ya fi wanda ya tsiro a garkarku. Ganye ɗaya ne. Na kwalba ya sha tafiya, ya sha rana a kasuwa, kuma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba.

INDA ZABUWA TAKE DA AMFANI

Manomi ba tsoka kaɗai gare shi ba, yana da fata, kuma fatar tana shan wahala. Nan ne wurin zabuwa.

1. Fatar da rana ta gasa, wuya da kafaɗu: yauƙin yana sanyaya ta.

2. Ƙananan ƙurajen zafi da ƙaiƙayin ƙaiƙayi lokacin sussuka: ka wanke da ruwa tukuna, sannan ka shafa.

3. Bushewar hannu da kaushin ƙafa: ka shafa yauƙin, in ya sha ka bi da man kaɗe ko man gujiya.

4. Ƙaramar ƙuna, wadda fata ta yi ja kawai ba ta saluɓe ba: fara zuba ruwa mai sanyi, mai tsabta, wajen minti 20. Bayan haka kana iya shafawa. Ƙuna mai faɗi, ko mai zurfi, ko ta fuska, ko ta ƙaramin yaro, wannan ta gidan likita ce.

INDA BA A SA TA

Kada a sa ta cikin rauni mai zurfi. A shekarar 1991 an yi gwaji a Amurka a kan mata da aka yi ma aiki, waɗanda ɗinkinsu bai kama ba. Waɗanda aka yi ma wanki irin na kullum sun warke cikin kwana 53. Waɗanda aka ƙara ma yauƙin alobera sai da suka kai kwana 83. Saran hauya ko na gatari, ko sukar ƙarfe mai ƙasa, a wanke da ruwa da sabulu, a ɗaure da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita. Akwai allurar tetanos, cutar nan mai ƙulle muƙamuƙi ta sandarar da jiki. Ganye ba ya tare ta.

Kada a sha ruwan rawayan nan mai ɗaci. Mun saba cewa ɗaci shi ne magani. Wannan ɗacin murɗar ciki yake kawowa da zawo mai ƙarfi. A shekarar 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da shi daga magungunan wankin ciki da ake saidawa ba da takardar lokotoro ba, don masu yinsu ba su kawo shaidar ba ya cutarwa ba. Ka tuna, mai noma cikin rana ya riga ya zubar da ruwan jikinshi ta gumi. In ka ƙara mashi zawo, ka kashe wuta da kananzir ke nan. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da mai ciwon ƙoda, kada ya kusanci bakinsu.

CIWON DA BA TSAMIN NOMA BA NE

Nan ne tsorona yake, ya fi na asarar kuɗɗi. Lokacin noma shi ne lokacin sauro. Masassarar cizon sauro ita ma da ciwon jiki take farawa. Na san magidancin da ya kwana uku ana shafa mashi ganye, ana cewa gajiyar gona ce. Ran na huɗu a amalanke aka kai shi likita, bai san inda yake ba. An samu kanshi, amma gonarshi ta ci ciyawa, don sati uku bai ɗauki hauya ba.

Ku riƙe waɗannan alamu. In an ga ɗaya daga cikinsu, a bar shafe-shafe, a tafi likita ranar nan:

1. Ciwon jiki tare da zazzaɓi, ko rawar ɗari, ko ciwon kai da amai.

2. Fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi mai kauri bayan aiki mai tsanani, ko ya ragu ƙwarai. Wannan alama ce tsoka ta lalace da yawa, kuma ƙoda tana cikin haɗari.

3. Mutum ya faɗi cikin rana, jikinshi ya yi zafi jau, yana surutai. A ja shi inuwa, a jiƙa jikinshi da ruwa, a yi mashi fifita, a ɗauke shi ba jinkiri.

4. Ciwon da ya zo farat ɗaya a wuri guda, gaɓa ta kumbura, mutum ba ya iya takawa. Targaɗe ne ko karaya, ba tsami ba.

5. Ciwon baya mai sauka cikin ƙafa, da mutuwar ƙafa.

6. Tsamin da ya wuce kwana 7 bai ragu ba.

Tsamin noma kuwa ga kamanninshi: yana kama wuraren da suka yi aiki, dama da hagu, babu zazzaɓi, kuma in ka motsa jiki kaɗan sai ya sassauta.

ƘWAYAR TEBUR

Tunda muna maganar gajiya, ba zan tsallake wannan ba. Wasu samarinmu ba ganye suke nema ba, tramol suke haɗiya kafin su shiga gona. Ƙwayar da lokotoro yake rubutawa mai lamba 50 ce ko 100. Ta bisa tebur takan kai 225. Ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Bakin jiki take rufewa, kada ya gaya maka ya gaji. Sai ka yi ta aiki bisa tsokar da ta riga ta tsage. Tana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya saba da ita ba ya iya ɗaga hauya sai da ita. Sauran ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa, in ana shansu kullum cikin zafi ba ruwa, suna cin ciki da ƙoda.

Tsakanin saurayi mai shafa zabuwa da saurayi mai haɗiyar ƙwaya, na fi son na farko sau dubu. Amma na fi son wanda ya san abin da ke gyara tsoka da gaske.

ABIN DA KE GYARA TSOKA

Ruwa. Mai aiki cikin zafi yana iya zubar da litir guda na gumi cikin awa ɗaya, har fiye. Kada ka jira ƙishirwa. Ka tafi gona da gora ko jarka, ka riƙa kurɓa a kai a kai. Fitsarinka shi ne ma'auni: in ya yi fari-fari, ruwa ya isa.

Cimaka. Ba a gyaran katanga ba tubali. Tubalin tsoka shi ne wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi ko nama in an samu. Na san damana lokacin ƙarancin rumbu ce. Shi ya sa nake cewa kuɗɗin kwalba ya tafi ga tiyar wake. Fura da nono da rana, wake da zogala da dare, sun fi kowane man shafawa.

Barci. Cikin barci jiki yake yawancin gyaranshi. Awa 7 ko 8. Hira da shayi har tsakar dare, sannan hauya da asuba, ba su tafiya tare.

Shiga aiki sannu-sannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi sharar gona da kai taki tun bazara, noman fari ba ya kada shi kamar wanda ya zauna rani duka. Ku dubi ƴan kokowarmu. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, ba a taɓa jin wanda ya tashi daga tabarma ya ɗauki takobi ba. Sai an yi makonni ana horo.

Motsi kaɗan. Ranar da tsami ya yi yawa, kada ka kwanta wuni guda, kada kuma ka koma ma aiki mafi nauyi. Yi mai sauƙi, kamar cira ko kewaya gona.

Raba rana. A fita da sassafe, a nemi inuwa in rana ta take, a koma da la'asar.

YADDA ZA KA DASA TA, KA YI AIKI DA ITA

Wannan fannina ne, kuma ba wuya.

Ba a shibka iri. Ɗiyan da ke tsirowa gindin uwar ake cirewa, masu tsawon taƙi guda, da ƴar saiwarsu. Ka bar su inuwa kwana 2 wurin cirar ya bushe, sannan ka dasa. Maƙwabci mai ita zai ba ka kyauta, don yawa take yi.

Tana son ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Tsohuwar tukunya mai huda a gindi ta isa. A garka, ka bar santimetir 60 tsakaninsu. Abin da ke kashe ta shi ne yawan ruwa: saiwa ta ruɓe. Sai ƙasa ta bushe ake ƙara mata. Cikin zafin watan 4 da na 5, in ganyen ya koma ja-ja, ka yi mata ƴar inuwa. Ka kare ta daga takun dabbobi. Bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ganyen ya yi kauri, ya isa yanka.

In za ka yi aiki da ita:

1. Yanki ganyen ƙasa, mafi kauri, da wuƙa mai tsabta. Kada ka taɓa na tsakiya.

2. Tsai da shi cikin kwano, wurin yankan yana ƙasa, minti 15, ruwan rawayan ya tsiyaye. Zubar da shi inda yara ba su kai.

3. Wanke ganyen, ka yanke ƙayar gefe, ka fere ɓawon, ka ɗauraye farar tsokar.

4. Ran farko shafa kaɗan a cikin damtse, ka jira kwana guda. Wasu fatarsu ba ta sonta. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ka bar ta.

5. In don tausa ne, yauƙin yana saurin bushewa, sai ka haɗa da ɗan man kaɗe. A tausa a hankali, minti 10 zuwa 15, ba da ƙarfin da zai sa mutum ƙara ba.

6. Abin da ka fere, ka yi aiki da shi ranar nan. Cikin zafinmu ba ya kwana.

Kuma a tuna da mata. Sau da yawa ita ce mai yi ma maigida tausa, alhali ta yi noma, ta yi daka, ta ɗauko itace. Bayanta ba na ƙarfe ba ne. Hannun da ya karɓa ya iya bayarwa.

KAMMALAWA

Ƴan uwa, kun koyi karatu don kada a riƙa auna maku da tiyar da ba ku gani ba. In mai kwalba ya zo, ku yi mashi tambaya uku. Mi ke ciki? Ina ranar lalacewarshi take a rubuce? In ban saya ba, kwana nawa ciwon zai yi? Ta ukun kun riga kun san amsarta.

Ku dasa zabuwa don fata. Ku ba tsoka ruwa, wake da barci. Ciwon da ya zo da zazzaɓi ku kai shi likita. Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma wanda bai iya ba, a dandali ko wurin sauraron rediyo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda kuma yake da ja a kan maganata, ya rubuto, mu buga, mu tattauna.

Allah ya ba mu damana mai albarka, da lafiyar cin abin da muka noma.

Naku, malamin gona.